BABI NA UKU: TASIRIN FUSKAR ƘASA A KAN WUTAR DA FAIFAN SOLA MAI FUSKA BIYU KE SAMARWA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda faifan sola, wanda masu sana'ar ke kira fanel, yake mayar da hasken rana ya zama wutar lantarki. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin bayyana yadda irin ƙasar da aka girka faifan a kanta take ƙara ko rage yawan wutar da ake samu, musamman idan faifan mai fuska biyu ne. Za a danganta bayanin da ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, waɗanda tare da Birnin Magaji su ne ƙananan hukumomin da suka haɗu suka zama Zamfara ta Arewa. Dalilin da ya sa wannan batu ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar 2023, rijiyoyin burtsatse da ɗakunan shan magani da masu noman rani da dama sun karkata zuwa ga sola, kuma faifai mai fuska biyu ya yawaita a kasuwa. Wanda ya sayi irin wannan faifai ya girka shi a inda bayansa ba ya samun haske, ya biya kuɗin fuska biyu ne amma da fuska ɗaya yake aiki.

3.1 Ma'anar Faifai Mai Fuska Biyu da Taƙaitaccen Tarihinsa

Faifan sola na yau da kullum yana karɓar haske ta gaba ne kawai, domin an rufe bayansa da farar roba wadda haske ba ya ratsawa. Shi kuwa mai fuska biyu, ƙwayoyin silikon da ke cikinsa an yi su ne yadda za su karɓi haske ta gaba da ta baya, sannan aka rufe bayan da gilashi ko da roba garai-garai. Ke nan duk hasken da ya bugi ƙasa ko bango ya dawo, idan ya faɗa a bayan faifan, shi ma zai zama wuta.

Wannan fasaha ba sabuwa ba ce. A shekarar 1960 wani masani ɗan ƙasar Japan mai suna Hiroshi Mori ya nemi rajistar ƙwayar sola mai fuska biyu. Tsohuwar Tarayyar Sobiyet ta yi amfani da irin waɗannan ƙwayoyi a tashoshinta na sararin samaniya, wato Salyut 3 a 1974 da Salyut 5 a 1976, inda bayan faifan yake karɓar hasken da duniya ke mayarwa sama. A doron ƙasa kuwa, Farfesa Antonio Luque da ɗalibansa a birnin Madrid na ƙasar Sifen su ne suka ciyar da aikin gaba. Cuevas da abokan aikinsa (1982) sun nuna cewa idan aka kewaye faifan da wuri mai farin fenti, ana iya samun ƙarin wuta da ya kai kashi 50 cikin ɗari. Kamfanin Isofotón, wanda aka kafa a Malaga a 1981, shi ne ya fara ƙera irin wannan faifai don sayarwa, kuma a 1988 an girka tashar faifansa mai ƙarfin kilowat 20 a wani ƙauye na ƙasar Senegal. Abin lura a nan shi ne, tun farkon al'amarin, masana sun fahimci cewa amfanin faifan ya rataya ne a kan abin da ke ƙarƙashinsa.

Har ila yau, bayan faifan bai kai gabansa ƙarfi ba. Idan aka haska gaba da baya da haske iri ɗaya, bayan faifan da ake kira PERC yakan ba da kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da gaban ya bayar, na TOPCon kusan kashi 80, na HJT kuwa yakan kai kashi 90. Wannan adadi shi ne za a riƙa kira ƙarfin baya a cikin wannan babi, kuma akan rubuta shi a takardar bayanin faifan.

3.2 Ma'anar Albido

Duk wani abu da haske ya faɗa a kansa, yakan shanye wani ɓangare na hasken, ya mayar da saura. Abin da ya shanye shi ne yake zama zafi, shi ya sa mai baƙar riga ya fi mai fara jin rana. Masana kimiyya suna kiran ma'aunin hasken da abu ya mayar da sunan albido. Kalmar ta Latin ce, ma'anarta fari, kuma Johann Heinrich Lambert ne ya shigo da ita cikin ilimin haske a shekarar 1760. Ana auna albido daga 0 zuwa 1. Abin da ya shanye haske duka albidonsa 0 ne, wanda ya mayar da shi duka kuwa 1 ne. Idan aka ce albidon wuri 0.30 ne, ana nufin yana mayar da kashi 30 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. Ita kanta duniya, idan aka haɗa teku da tudu da gajimare, albidonta ya kai kusan 0.30.

Albido ba baƙon abu ba ne a nazarin yankinmu. Charney (1975) ya yi hasashen cewa idan ciyayi suka ƙare a yankin Sahel ƙasa ta zauna tsirara, albidonta zai ƙaru, wanda hakan kan iya rage ruwan sama ya tsawaita fari. Wato abin da yake alamar lalacewar ƙasa ga manomi da makiyayi, shi ne kuma yake ƙara wa faifai mai fuska biyu haske.

Ga kimanin albidon wasu wurare kamar yadda aka san su a ilimin yanayi:

(a) Sabuwar kwalta: 0.05, tsohuwa kuwa kusan 0.12.
(b) Ruwa a kwance lokacin da rana take tsaka: ƙasa da 0.10.
(c) Baƙar ƙasa jiƙaƙƙiya: 0.05 zuwa 0.15.
(d) Ɗanyar ciyawa: 0.20 zuwa 0.25.
(e) Busasshen yashi: 0.30 zuwa 0.40.
(f) Tsohon daɓen siminti: 0.20 zuwa 0.30, sabo kuwa yakan haura 0.40.
(g) Wuri mai sabon farin fenti: 0.60 zuwa 0.80.
(h) Sabuwar dusar ƙanƙara: 0.80 zuwa 0.90.

Daga wannan jeri za a ga cewa tsakanin baƙar ƙasa jiƙaƙƙiya da busasshen yashi akwai bambancin da ya kai ninki uku.

3.3 Ire-iren Ƙasar Yankin

Garuruwan nan uku suna tsakanin digiri 12 da rabi zuwa 13 da 'yan kai arewa da ikwaita, kuma kowace murabba'in mita ta ƙasarsu tana samun hasken rana da ya kai kusan kilowat-awa 6 a yini idan aka yi matsakaicin lissafi na shekara. Gulbin Gagare da na Bunsuru su ne manyan ruwayen da suka ratsa yankin, kuma su ne suka samar da fadamun da ake noman shinkafa da albasa da sauran kayan lambu. Hausawa kan ce da ɗan gari akan ci gari. Sunayen da manoma suka ba ƙasa tun kaka da kakanni suna iya zama jagora ga mai girka sola, domin yawancinsu a kan launi da laushi da riƙon ruwa aka gina su.

3.3.1 Jigawa

Jigawa ƙasa ce mai yashi, mai haske, wadda ba ta riƙe ruwa, inda ake noman gero da gyaɗa da wake. Ita ce ta fi dacewa da faifai mai fuska biyu, saboda albidonta yana da yawa, kuma ko an yi ruwa ba ta daɗewa take bushewa ta koma launinta. Haka nan farin yashin da ke kwance a cikin gulbi da rani ya ma fi na jigawa haske, kuma ana iya kwaso shi a shimfiɗa a ƙarƙashin faifai.

3.3.2 Laka da Fadama

Laka baƙa ce, ga ta da riƙon ruwa, ga kuma ruɓaɓɓun tsirrai a cikinta waɗanda ke ƙara mata duhu. Saboda haka ita ce mafi ƙarancin albido. Matsalar a nan ita ce, a fadamar ne mai noman rani ya fi bukatar injin ban ruwa na sola, kuma ruwan da injin ke jawowa shi ne yake ƙara jiƙa ƙasar. Mafita ita ce a girka faifan a bakin fadama inda ƙasa ta ɗan tashi, ko a yi masa ɗan tudu a zuba yashi, a kuma kawar da kwarin ruwa daga ƙarƙashinsa.

3.3.3 Jangargari da Marmara

Jan launin waɗannan ƙasashe daga tsatsar ƙarfen da ke cikinsu yake. Wannan sinadari yana shanye shuɗi da koren haske, amma yana mayar da ja da kuma wani haske da ke gaba da ja wanda ido ba ya gani. Shi kuwa silikon yana aiki da haske mai tsawon zango har zuwa kusan nanomita 1,100, alhali ganin ido yana tsayawa a wajen nanomita 700. Don haka jar ƙasa busasshiya tana ba bayan faifai haske fiye da yadda ido zai zata, ko da yake ba ta kai jigawa ba. Wannan bayani ya shafi ɗanyar ciyawa ma, domin ganye yana mayar da hasken da ke gaba da ja sosai.

3.3.4 Fako, Daɓe da Rufi

Fako, wato ƙasa mai tauri da ba ta fitar da ciyawa, yana da amfani ta fuska biyu: yawancinsa yana da haske, sannan ba a noma shi, ke nan ba a ci gonar kowa ba. A cikin gari kuwa, tsakar gida mai daɓen siminti ko saman dakali da aka shafa wa farar ƙasa sun fi kowane wuri. Rufin kwano sabo yana ƙyalli, amma idan ya yi tsatsa ya kwashi ƙura albidonsa yakan faɗi. Babban kuskuren da aka fi yi shi ne a kwantar da faifan a jikin kwano, ratar ba ta wuce faɗin tafin hannu ba. A wannan hali bayan faifan inuwar kansa kawai yake gani, ƙarin wutar da za a samu kuwa bai taka kara ya karya ba.

3.4 Sauyin Albido Tsakanin Lokutan Shekara

Albidon wuri ɗaya ba ya zama daram a tsawon shekara. Da damina, wato daga Yuni zuwa Satumba, ruwa yana cike ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, sai hasken da ya shiga ya yi ta kai da komo a ciki har ƙasar ta shanye shi. Wannan ne ya sa jiƙaƙƙiyar ƙasa take yin duhu, kuma albidonta kan ragu da kusan rabi. A lokacin ne kuma ciyawa ke tashi, idan aka bar ta ta yi tsawo sai ta tare hasken ko ta yi wa faifan inuwa. Duk da haka, a ranar da hadari ya rufe sama, haske yana zuwa ne a warwatse ta kowace kusurwa, faifan ba ya jefa inuwa mai kauri a ƙasa, don haka kason da bayan ke bayarwa ba ya ɓacewa.

Da kaka, busasshiyar ciyawa da karan dawa sun fi ɗanye haske. Amma idan aka saka wa wurin wuta, kamar yadda wasu ke yi wajen sharar gona, baƙin ƙuna yakan mayar da albido ya koma kusa da na kwalta, ban da haɗarin da wutar ke yi wa wayoyi da gilashi. Da hunturu kuwa, daga Nuwamba zuwa Maris, iska tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta sauke ta a ko'ina. Ƙurar tana rage hasken da ke isowa ƙasa, tana kwanciya a gaban faifai, tana kuma dusashe duk wani daɓe da aka yi wa farin shafe. Bayan faifan, da yake ƙasa yake kallo, ba ya kwasar ƙura kamar gaban, wanda wannan wata riba ce a yankin. Da bazara ƙasa ta bushe sarai, albido ya kai ƙololuwa, sai dai zafi yana cin nasa rabon. Ana auna ƙarfin faifai ne a zafin digiri 25, kuma duk digiri ɗaya da ya hau sama da haka yana rage kimanin kashi 0.35 cikin ɗari. Faifan da ya kai digiri 65 a tsakar rana cikin Afrilu ya yi asarar kusan kashi 14 cikin ɗari ke nan. Ɗaga faifai sama domin iska ta ratsa ƙarƙashinsa yana rage wannan asara.

3.5 Tsawo, Karkata da Inuwa

Albido kaɗai ba ya wadatarwa, sai an duba yawan hasken da ke isa bayan faifan. Abu na farko shi ne tsawo. A wannan yanki rana tana bi ta tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, kuma ko a watan Disamba tsayinta da tsakar rana ya haura digiri 50. Ma'ana, inuwar faifai kusan kullum a ƙarƙashinsa take faɗawa, a daidai wurin da bayan ke kallo. Idan faifan yana dab da ƙasa, inuwar ce za ta cike masa gani. Idan aka ɗaga shi ya kai mita ɗaya ko fiye, sai ya riƙa hango ƙasar da ke gefe wadda rana ke haskawa. Wannan ya nuna cewa faifan da aka ɗora a kan dogayen ƙarafa kusa da tankin burtsatse, domin kare shi daga dabbobi da ɓarayi, ya riga ya samu tsawon da ake bukata, abin da ya rage shi ne gyaran ƙasar.

Abu na biyu shi ne karkata. Bisa ƙa'ida akan fuskantar da faifai kudu, a karkata shi daidai da nisan wurin daga ikwaita, wato digiri 12 zuwa 15 a nan, wanda hakan ke taimaka wa ruwan sama ya wanke ƙura. Akwai kuma hanyar tsayar da faifai a miƙe kamar darni, fuska ɗaya gabas ɗaya yamma. Irin wannan ba ya tara ƙura sosai, ba ya cin fili, kuma yana ba da wuta da hantsi da la'asar, amma da tsakar rana ƙarfinsa yana raguwa, kuma ya fi kowane tsari dogaro da hasken ƙasa.

Abu na uku shi ne inuwar da ake yi wa bayan. Ƙwayoyin faifai a jere suke kamar sarƙa, don haka wadda ta fi ƙarancin haske ita ce take taƙaita sauran. Ƙarfen da mai walda ya gitta a tsakiyar bayan faifai, ko tarin wayoyi, ko kayan da aka jibge a ƙarƙashinsa don neman inuwa, duk suna rage ribar. Ya kamata ƙarafa su bi gefen faifan. Idan layuka sun fi ɗaya, a bar rata a tsakaninsu yadda rana za ta riƙa sauka ƙasa.

3.6 Misalin Lissafi

Ana samun kimanin ƙarin wuta ne ta hanyar ninka abu uku: albidon ƙasa, da kason hasken da ya dawo ya isa bayan faifai, da ƙarfin baya. A ɗauka cewa an girka faifai goma masu wat 550 kowanne, ƙarfin bayansu 0.70, kuma tsawon da aka ba su ya sa rabin hasken da ƙasa ta mayar yana isa gare su. A ɗauka kuma gabansu kaɗai yana ba da kilowat-awa 25 a yini.

(a) A kan jiƙaƙƙiyar laka: 0.10 × 0.5 × 0.70 = 0.035, wato kashi 3.5 cikin ɗari, ƙarin kilowat-awa 0.9.
(b) A kan busasshiyar jigawa: 0.30 × 0.5 × 0.70 = 0.105, wato kashi 10.5 cikin ɗari, ƙarin kilowat-awa 2.6.
(c) A kan farin daɓe: 0.60 × 0.5 × 0.70 = 0.21, wato kashi 21 cikin ɗari, ƙarin kilowat-awa 5.3.

Ke nan mai jigawa tamkar ya samu faifai ɗaya ne kyauta a kan goman da ya saya, mai farin daɓe kuwa biyu. Idan aka mayar da lissafin kan ruwa, ɗaga lita 1,000 daga zurfin mita 40 yana bukatar kilowat-awa 0.11, idan kuma injin yana ɓarnatar da rabin wutar, ya zama 0.22. Bisa ga wannan, ƙarin kilowat-awa 2.6 ya yi daidai da kusan lita 12,000 a yini, wato jarka mai lita 25 kusan 480, muddin rijiyar tana da ruwan kuma injin zai iya ɗaukar wutar. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci. Hasken baya yana ƙara yawan amfiya ne, saboda haka dole kaurin waya da fiyus da na'urar caji da inbata su zama an zaɓe su da la'akari da wannan ƙari, in ba haka ba na'urar za ta datse rarar, ko waya ta yi zafi.

3.7 Yadda Ake Auna Albido

Gani ya kori ji. Kafin a kashe kuɗi wajen gyaran ƙasa, ya fi dacewa a auna ta. Ana amfani da na'urar auna hasken rana guda biyu, ɗaya tana kallon sama ɗaya tana kallon ƙasa, a tsawon mita ɗaya zuwa biyu, sai a raba adadin ta ƙasa da na ta sama. Inda babu wannan na'ura, ƙaramin faifan sola da mitar auna amfiya suna iya ba da kimantawa: a auna amfiya faifan yana kallon sama, a kifa shi a sake aunawa, a raba na biyu da na farko. Ya kamata a yi hakan wajen tsakar rana, sama garau, mai awon ya tsaya nesa don kada inuwarsa ko rigarsa su ɓata sakamako, sannan a maimaita da rani da damina. Wannan aiki ne da ɗalibai a cibiyoyi irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, da Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo za su iya gudanarwa da kayan aiki kaɗan.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa ribar faifai mai fuska biyu ta dogara ne a kan albidon ƙasa, da tsawon da aka ba faifan, da ƙarfin bayansa. An ga cewa jigawa da fako da farin daɓe su ne suka fi dacewa a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, jar ƙasa da ciyawa suna tsaka-tsaki, laka da ƙuna da kwalta kuwa su ne a baya. An kuma ga cewa damina da ƙurar hunturu suna sauya albido, saboda haka farin shafe yana bukatar shara da sabuntawa, alhali yashi ko farar tsakuwa ba su cika bukatar kulawa ba. Inda babu yadda za a yi sai an kwantar da faifai a jikin kwano, mai fuska biyu bai fi mai fuska ɗaya da wani abin a zo a gani ba. A babi na gaba za a duba kuɗin da gyaran ƙasa da ɗaga ƙarafa za su ci, a kwatanta shi da kuɗin sayen ƙarin faifai.